Ranar da Korau Ya Kyautar da Taubashinsa

A wani zamani da ya shuɗe, tun kasuwar Rafin Marke tana ci ranar Laraba a gindin itatuwa, an yi wasu taubasai biyu da duk ƙasar ta san bakinsu. Ɗaya shi ne Korau, gyartai, wanda ƙwarya ko gida bakwai ta tsage in ta shiga hannunsa sai ta koma ɗaukar nono. Ɗayan kuwa Nomau ne, mai zuma. Uban Korau da uwar Nomau ciki ɗaya suka fito. Saboda haka Korau ya ce shi ɗan namiji ne, Nomau ɗan mace, ke nan bawansa ne halak malak. Nomau ya ce ina! Uwarsa ce babba, ita ta goya uban Korau, don haka duk abin da ya fito daga wannan goyo mallakarta ne, shi kuma ya gada. Shekara arba'in suna wannan shari'a, ba wanda ya sare. Furfura ta fito musu, 'ya'yansu sun yi aure, amma in ka ji kasuwa ta kece da dariya, to su ne suka haɗu.

Wata Laraba da rana tsaka, Nomau ya zo rumfar Korau ya zauna, ya jawo ƙosan da mutumin ya ajiye ya hau ci, ko tayi bai jira ba. Suna cikin cacar baki sai ga wani dogon baƙo da farin rawani ya tsaya a kansu. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya dubi Korau ya ce, "Ya kai mai ɗinkin ƙwarya, wannan mutum mene ne naka?"

Korau ya samu abin da yake so. Ya ɗaga murya don makwabta su ji, ya ce, "Wannan? Ai bawana ne, na gado. Ba ya noma, ba ya ɗiban ruwa, sai ci kamar gara. In kana so, na ba ka shi kyauta, ka raba ni da wahala!"

Kasuwa ta ɗauki dariya. Baƙo bai yi ba. Ya waiwayi Tabawa mai daddawa, tsohuwar da rumfarta ke jikin ta Korau, ya ce, "Baiwar Allah, kin shaida?"

Tabawa tana share hawayen dariya ta ce, "Na shaida, a tafi da shi, mu ma mu huta!"

Baƙo ya dafa kafaɗar Nomau ya ce, "Na karɓa. Na karɓa. Na karɓa."

Yana rufe baki guguwa ta taso daga ƙarƙashin ƙafarsa, ta kifar da faifai da ƙore, ta cika idon kowa da ƙasa. Da ta lafa, babu baƙo, babu Nomau. Abin da ya rage takalminsa ɗaya, da goran zumarsa, da rabin ƙosai mai shatin haƙori.

Da farko Korau dariya ya ci gaba da yi, wai shaƙiyyin ya ɓuya ne. Ya leƙa bayan rumfa, ya leƙa wajen masu tukwane, ya kira suna har muryarsa ta dishe. Sai ya dawo ya tarar da Tabawa a zaune ta ɗora hannu a ka. Ta ce, "Korau, mun shiga uku. Sai yanzu na tuna, mutumin nan ba shi da inuwa. Kakata ta ba ni labarinsu. Mutanen Birnin Magana Ɗaya ne, aljannun da ba su san wasa ba. Ka bayar, na shaida, ya karɓa, a wurinsu kyauta ta ƙullu. Yanzu inuwar Nomau za ta fara ƙanƙancewa. In rana ta faɗi yau ba ka karɓo shi ba, inuwar za ta ƙare, ya zama nasu har abada."

Korau ya matso kusa da ita. Ya ce, "Iya, ta ina ake zuwa?"

Ta ce, "Tsohuwar kukar nan ta bayan mahauta. Ka yi mata sallama. Kuma ka kama bakinka, ɗan nan. Can ba a faɗin magana a wuce, aiki take yi."

Korau ya suri jakar aikinsa da goran zumar Nomau, ya zuba a guje, mai furfura yana tsallake buhuna kamar ɗan akuya. Ya isa gindin kuka yana haki, ya jefa mata sallama. Shiru. Ya sake. Shiru. Sai ya tsaya, ya tuɓe takalmi, ya fuskanci itaciyar kamar yadda ake fuskantar surukin da ake jin nauyi, ya yi sallama a natse.

Wata murya ta fito daga cikin kogon ta amsa, sannan ta ce, "Ta farko da ta biyu iska ka yi wa, ɗan Adam. Ta uku ce ka yi mini. Shigo."

Kuka ta dare biyu. Korau ya sa ƙafa, sai ga shi a bakin wani makeken kogi, sama kore shar, rana ta ɗan karkata. Ruwan kogin nan ba ƙarar ruwa yake yi ba, surutu yake. Da ya kasa kunne sai ya ji muryoyin mutane dubu dubu suna cewa, "Ina zuwa." "Gobe in Allah ya kai mu." "Bari in dawo." Duk maganganun da 'yan Adam suka faɗa ba su cika ba, nan suke gangarowa. Har tasa muryar ya tsinta tana ce wa wata Bafillatana ta dawo jibi ƙwaryarta ta gamu, ya kuwa sunkuyar da kai, don ƙwaryar tana rataye a rumfarsa tun bara.

A bakin gaɓa wani aljani mai kan kada yana zaune cikin ƙaton masaki, irin ƙwaryar da za ta ɗauki mutum goma. Gefensa mutane ne da aljannu a jere, kowa da igiya a wuya ɗaure da dutse.

Aljanin ya ce, "Ni ne Sarkin Fito. Ba na ƙetarar da kowa sai da alkawari. Waɗannan da kake gani sun yi wanda ya fi ƙarfinsu. Me ka yi mini, ya kai ɗan Adam?"

Bakin Korau, da yake ya saba gudu, har ya fara, "Ai duk abin da ka..." sai ya datse harshe da haƙori har ya ji jini. Ya dubi masakin nan da idon sana'a, ya hango tsaga a gindinsa, ruwa yana tsattsafowa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na yi maka alkawarin ɗinke wannan tsaga kafin mu taɓa waccan gaɓar."

Nan take wata igiya ta fito daga bakinsa ta naɗe masa wuya. Sarkin Fito ya tura masaki cikin ruwa. Korau ya zaro basilla da zaren kaba ya durƙusa. Masaki yana juyi, ruwa yana shigowa har idon sawu, muryoyi suna ta zuba masa "gobe, gobe" a kunne, igiya tana ƙara matsewa. Ya huda, ya zura, ya ja, ya huda, ya zura, ya ja, gumi yana shiga masa ido. Gaɓa ta matso saura taku goma, saura biyar. Numfashinsa ya fara sarƙewa. Ya ɗaure ƙullin ƙarshe da haƙori daidai lokacin da masaki ya daki yashi. Igiya ta kwance da kanta, ta faɗa ruwa ta zama kifi ta tafi.

Sarkin Fito ya shafa ɗinkin ya ce, "Shekara ɗari uku ban ga alkawarin da aka cika tun bai huce ba. Wuce, birnin yana kan dutsen can."

Korau ya ɗaga kai. Dutse ne mai santsi kamar bayan tulu, tsawonsa ya shige cikin gajimare, ba hanya ba tsani. Ya kama ya zame, ya sake kamawa ya zame, har gwiwoyinsa suka saluɓe. Rana kuwa sai ƙara sunkuyawa take. Ya zube a ƙasa, ga yunwa, ya buɗe goran Nomau ya lasa ko ya samu ƙarfi. Sai ya ga wani ɗan mitsitsin halitta, bai fi ɗan yatsa ba, mai gemu har ƙasa, ya zuba masa ido. To, Bahaushe da tayi! Kafin hankalinsa ya zo, bakinsa ya riga ya ce, "Bismillah."

Mai gemu ya sa yatsa a baki ya yi fito. Ƙasa ta tsage, irinsa suka yi ta fitowa, ɗari, dubu, suka lulluɓe goran kamar tururuwa. Kafin ƙiftawar ido sun suɗe shi tas, ko ƙamshi ba su bari ba.

Korau ya ce, "Kai, jama'a! Ai tayi ne na yi!"

Babbansu ya ce, "Tayi ka yi, mu kuma mun amsa. Ko da wani abin da ake yi da tayi a ƙasarku?"

Baƙar magana ta zo wa Korau har kan leɓe, irin wadda zai yaɓa wa Nomau ba tare da tunani ba, amma ya tuna inda yake ya haɗiye ta. Sai masu gemu suka jeru, suka haɗa baki suka ce, "Mun gode." Ashe a wannan ƙasa godiya ma ba ta tsayawa a baki. Suka shige ƙarƙashinsa suka ɗaga shi cak, suka hau dutsen nan da shi a guje, iska tana kaɗa masa riga, yana salati yana riƙe hula, har suka dire shi a ƙofar birni.

Ƙofofi uku ne a jere, ga mai gadi a tsakani, kunnuwansa kamar faifai. Ya ce, "Ya kai baƙo, tambaya ka zo yi, ko roƙo, ko ƙara? Wanda ya shiga ta ƙofar tambaya, amsa zai samu ya koma. Wanda ya shiga ta roƙo, in an hana shi ba shi da ta cewa. Wanda ya shiga ta ƙara za a saurare shi, amma duk hukuncin da aka yanke ya hau kansa."

Korau ya dubi rana, ta yi ja ta kusa kan ganuwa. Ya ce, "Ƙara na kawo."

Abin da ya gani a cikin birnin ya isa a ba jikoki labari. Magana a can ana ganinta da ido. In aljani ya gai da ɗan'uwansa, sai farar kurciya ta fito daga bakinsa ta sauka a kafaɗar wancan. In babba ya ba da umarni, sai ka ji ƙarar bulala a iska. Ba mai yawan zance, ba mai dariya, kasuwarsu tsit kamar an yi rasuwa. Korau bai tsaya kallo ba, ya bi mai gadi har zauren shari'a.

A can ƙarshen zaure wata aljana ce zaune a kan karagar tagulla, tsohuwa tukuf, idanunta kamar garwashi, ga wani babban ma'auni rataye a gabanta. Ita ce Magajiya, mai yanke hukunci a birnin. Bangon zauren kuwa tun daga ƙasa har sama goruna ne a rataye, kowanne da toshi. Dogon baƙo yana tsaye a dama. A bayansa ga Nomau, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, fuskarsa ta yi fari fat. Korau ya dubi ƙasa. Rana tana shigowa ta taga, inuwar kowane ginshiƙi ta miƙe zar, amma ta Nomau ba ta fi tafin hannu ba.

Korau ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ranki ya daɗe, na kawo ƙarar wannan dogo. Ya ɗauke mini ɗan'uwa a kan maganar wasa."

Magajiya ta ce, "Mene ne wasa, ɗan Adam?"

Abin da Korau ya yi shekara arba'in yana yi, yau an ce ya faɗi ko mene ne, ya rasa ta inda zai kama. Da ƙyar ya ce, "Magana ce da ake faɗa, mai faɗa ya san ba haka ba ne, mai ji ma ya sani."

Ta ce, "Dogo, ka sani?"

Dogo ya ce, "Allah ya ja zamaninki, ban sani ba. Na tambaya, aka amsa mini. Aka ba ni, na nemi shaida, na karɓa sau uku."

Magajiya ta ɗaga yatsa. Wani gora ya sauko daga bango, toshinsa ya fita, sai ga muryar Korau tangaran: "Na ba ka shi kyauta!" Wani ya sauko, ga muryar Tabawa: "Na shaida!"

Korau ya ce, "Ranki ya daɗe, ai ba bawana ba ne! Ba ni da ikon ba da shi!"

Ta ce, "A kawo duk inda wannan mutum ya kira wancan bawansa."

Bango ya girgiza. Goruna suka yi ta saukowa har suka cika rabin zauren, suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ga muryar Korau yana yaro, ga ta yana saurayi, ga ta ranar auren Nomau, ga ta ranar sunan 'yarsa: bawana, bawana, bawana. Magajiya ta ce, "Shekara arba'in kana faɗa a gaban jama'a, yau ɗaya ka zo ka ce ba haka ba? Mai abu ya bayar, shaida ta shaida, mai karɓa ya karɓa. Kyauta ta tsaya."

Inuwar Nomau ta koma kamar ƙwayar gyaɗa. Korau ya dube shi. Ya tuna ranar da suka binne uwar Nomau, kowa ya watse, su biyu suka rage a bakin kabari, ba wanda ya iya cewa komai, sai da Nomau ya ce masa, "Tashi mu tafi, bawan banza," sannan kuka ya zo musu. Ya ga in ya koma Rafin Marke shi kaɗai, ba sauran mai kiransa haka a duniya. Tsoro ya fita daga ransa.

Ya miƙe tsaye ya ce, "To, ranki ya daɗe, ni dai ina da ikon kaina. Ku shaida, na ba Dogo kaina a madadin Nomau. A sake shi ya koma gida."

Maganar ta fito daga bakinsa kamar curin ƙarfe, ta faɗa kan ma'auni, sarƙarsa ta yi ƙara har ƙura ta zubo daga rufi. Aljannun zauren suka ce, "Mun shaida." Dogo ya saki Nomau ya dafa kafaɗar Korau ya ce, "Na karɓa. Na karɓa. Na..."

"Kai, dakata!"

Nomau ne ya daka tsawa, har da buga ƙafar da ba takalmi. Ya ce, "Ban yarda ba! Wa ya ba bawa izinin ya kyautar da kansa ubangidansa yana tsaye? Ranki ya daɗe, wannan mai kan tulun nawa ne, gadonsa na yi wajen uwata! A sauko da nawa gorunan a ji!"

Magajiya ta ɗaga yatsa. Wannan karon bangon hagu ne ya girgiza. Goruna suka zubo har suka cike sauran rabin zauren, muryar Nomau ta cika wuri, ta yaro da ta saurayi da ta dattijo: bawana, bawana, bawana. Aka ɗora nasa a hannu ɗaya na ma'auni, na Korau a ɗayan. Ma'auni ya yi lilo, ya yi lilo, ya tsaya daidai wa daida.

Magajiya ta dubi ma'aunin nan. Sai ta ce, "A dokarmu, wanda yake mallakar wani ba ya kyauta sai da yardar mai shi. Nomau, ka yarda Korau ya ba da kansa?"

"Ban yarda ba!"

"Da rana a kasuwa, ka yarda ya ba da kai?"

"Ranki ya daɗe, ƙosai ne a bakina, wa ya tambaye ni?"

Ta ce, "To, ta biyu ba ta tsaya ba, ta farko ma ba ta tsaya ba. Dogo, ɗauke hannunka."

Dogo ya janye. Inuwar Nomau ta miƙe a ƙasa tsawon sandar gora, daidai lokacin da gefen rana ya taɓa ganuwa.

Magajiya ta ce, "Ya ku 'yan Adam, kun zo mana da ƙullin da ba mu taɓa gani ba, kowa bawan kowa. Zan warware muku. Kowannenku ya ce wa ɗan'uwansa, na 'yanta ka, ku tafi ba mai igiyar wani."

Suka haɗa baki kamar sun shirya: "Allah ya kiyaye!"

Tsohuwar ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Gefen bakinta ya ɗan motsa, har aljannun zauren suka tsorata, don ba su taɓa ganin fuskarta ta yi haka ba. Ta ce, "Wannan shi ne wasan? To, ya fi yawancin rantsuwar da ake kawo mini nauyi. Na sallame ku."

Kalmar sallama tana fita guguwa ta naɗe su, ta dire su a bayan mahauta, 'yan kasuwa suna ta ɗaure kaya. Tabawa ta hango su, ta yi guɗa har ta kifar da tiren daddawarta.

Laraba ta zagayo. Da sassafe Korau ya sauko da ƙwaryar Bafillatanar nan ya ɗinke ta. Da rana Nomau ya zo ya jawo ƙosai, suka hau halinsu, wai wa ya sha wa wa zuma. Wani baƙon falke da ke wucewa da jakinsa ya ji Korau yana cewa bawan nan ya ishe shi, sai ya tsaya yana dariya ya ce, "To malam, in ya ishe ka, ba ni shi mana."

Tabawa ta toshe bakinta da hannu biyu. Korau ya fara duban ƙasa, ya ga mutumin yana da inuwa, duk da haka ya kai hannu ya damƙe wuyan hannun Nomau tamau.

Ya ce, "Malalaci ne, ga ci, ga baƙin baki. Amma nawa ne, ba na bayarwa."

Kowa ya juya yana jiran abin da Nomau zai rama da shi. Shi kuwa sai ya raba ƙosan da ke hannunsa biyu, ya miƙa wa Korau babban.